Shayin Baƙi da Ƙafar Malam

Na duƙa zan ɗauki buta a bayan ɗaki sai na ga kiyashi sun yi baƙi ƙirin a inda Malam ya tsuguna da asuba. Na fasa ɗaukar butar. Na tsaya ina kallonsu suna kai da kawowa kamar ranar kasuwa, na ce to, an koma gidan jiya. Kiyashi ba sa taruwa a kan fitsarin mutum don Allah da Annabi. Zaƙi suka ji.

Na same shi a gindin dogon yaro yana jan carbi, fuskar nan kamar ta waliyyi. Na tambaye shi ko ya sha sukari jiya. Ya ce rabonsa da sukari tun Damagaram. Na ce ya taso in nuna masa shaiduna. Ya ƙi tasowa, wai kiyashin bana ba su da kunya, ko ruwa ka zubar sai sun zo.

Malam mijina ne, dillalin dabbobi a kasuwar Belbeji tun ban haifi ɗan fari ba. Ciwon sukari ya kama shi da tsufa. Ƙaya ta soke shi a ƙafar hagu, wurin ya ƙi warkewa, ya yi ta ruwa har sai da muka kwana asibitin Damagaram aka cire masa ƙaramin yatsa. A gabana likita ya ce masa in bai bar zaƙi ba, zuwa na gaba ƙafar ce za ta tafi, daga gwiwa. Malam ya yi rantsuwa har da hawaye. Ni ma na yi kuka, don dillalin da ba ya iya zagaya raƙumi ya duba shi ya gama aiki.

Kuma ya bari, wallahi ya bari. Damina ta faɗi, makiyaya suka yi arewa da dabbobinsu, zaurenmu ya zama ba kowa sai kaji. Ina dama masa fura ba sukari, in yi masa kwaɗon zogale da tafasa, tuwo ɗan kaɗan. Ciwon ya kame, ya yi fata. Ya ajiye sanda, yana zuwa masallaci da takalmi ƙafa biyu. In mun je ƙaramin asibitinmu aka soki yatsan hannunsa aka gwada jini, ni nake leƙa ƴar na'urar in karanta lambar da kaina, don da furfurata na shiga makarantar manya kuma ban shiga don ado ba. Lambar tana ta sauka. Har bakin rijiya na je ina yi wa mata alfahari, ina cewa nawa tsohon yana jin magana. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Da aka yi kaka makiyaya suka dawo, zaure ya cika. Baƙin dillali a gidansa suke sauka, kuma Buzu ba ya tafiya sai da ƴar butarsa da ɗan murhunsa na waya. Kafin a yi maganar raƙumi an hura gawayi. Sukarin da suke zubawa a butar nan, in ka gani sai ka ce alewa za su yi. Kofin farko kuma mai masauki ake miƙa wa.

Da na tsare shi da maganar kiyashi ya ga ba hanya, sai ya gyara zama.

"Ke ba ki san kasuwa ba," in ji shi. "Mutum ya koro dabbarsa tun daga Tenhya, ya wuce zaurukan mutane ya sauka a naka, ya miƙo maka kofi da hannunsa, ka ce a'a? Gobe a zauren wani zai kwance kaya."

Na ce ya kai kofin baki ya ajiye. Ya ce almubazzaranci ne, Allah ya hana. Na ce to ya sha na farko ya tsaya. Ya ce wanda ya sha na farko bai jira na uku ba ya zagi mai shayi. Na dafa masa nasa a cikin gida ba sukari na aika zaure, aka dawo mini da shi ko kurɓa ba a yi ba. Ɗanmu direba da yake zuwa Kano ya kira a waya yana ba ni haƙuri, wai abin ba a kan babansa aka fara ba, masu Ingilishi ma suna da kalma guda ta wannan hali, mutum ya hau tudu sai ya zame ya yi baya. Na ce masa ubanka bai zame ba. Juyawa ya yi da ƙafarsa, da yatsunsa tara, ya sauko yana sallama.

Sai yatsan da ke kusa da wanda aka cire ya fara baƙi.

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa shiga zaure da baƙi maza a ciki ba. Ran nan na yafa mayafi na shiga. Babban baƙonsa yana nan, wani dattijon Buzu da suka daɗe suna hulɗa, ya ja rawani har kan hanci, yana ɗaga buta sama shayi yana kumfa. Na gaishe su, na durƙusa gaban Malam, na kwance tsumman ƙafar na jawo ta kusa da murhu inda kowa zai gani.

"Dattijo, ga abin da sukari ya ci," na ce. "Likita ya ce saura ƙafar. In kuna so ku ƙarasa masa."

"Ke, tashi ki shiga gida," in ji Malam, murya ƙasa ƙasa.

Ban tashi ba. Dattijon ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya yi wa ƴan uwansa magana da Buzanci, sannan ya fita da butar ya zubar a waje, ya ɗauraye, ya ɗora sabo ba sukari. Ya miƙa wa Malam, shi ma ya sha irinsa. Dattijon ya ce wansa ma da haka aka yanke masa ƙafa, kuma da an faɗa masa ciwon Malam tun farko da bai miƙa masa mai sukari ba. Ashe Malam bai taɓa gaya wa ko mutum ɗaya a cikinsu yana da ciwo ba. Duk zagin da yake cewa za su ji, shi ya ƙirƙiro abinsa. Ina kallo ya shanye kofi ukun nan masu ɗaci, fuska kamar an ba shi maɗaci.

Daga ranar, labari ya bi baƙi, ba wanda ya ƙara sa masa sukari a zaurenmu. Na samu barci. Har na kusa komawa rijiya da alfaharina, Allah ya rufa mini asiri ban je ba.

Akwai wani dillali maƙwabcinmu da suka yi shekaru ba sa ga maciji da Malam a kan wata saniya. Kwatsam sai ga su sun shirya. Kullum bayan la'asar Malam zai ɗauki sanda ya ce zai je ya gaida baƙin maƙwabci, zumunci ibada ne. Har liman ya yaba masa. Ni ma na ce madalla, sai da kiyashi suka dawo bayan ɗaki.

Muka sake hawa motar Damagaram, ƙafarsa a kan cinyata, takalminsa ɗaya a cikin jakata. Aka cire yatsa na biyu. Likita ya ce ƙafar ta tsira wannan karon, amma kada mu ɗauka wayonmu ne. Ya yi ta faɗa, Malam yana gyaɗa kai, yana cewa gaskiya ne, Allah ya saka da alheri. Likita ya juya zai wuce gado na gaba, sai Malam ya kamo gefen rigarsa.

"Likita, zuma fa? Ai ita magani ce."

Likita ya dube ni. Na ciro takalmin daga jaka na ɗora wa Malam a kan ƙirji, na fita neman ruwan zafi.