Langar Hajiya Balki

Jajiberin Kirsimeti, Gusau zuwa Bungudu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na kulle ɗakina a Gusau, na hau babur zuwa tasha. Motar Bungudu ba ta cika ba sai bakwai saura kwata, cikin minti arba'in kuma muka isa. Gaskiya ba da son raina na tafi ba. Tun da Baba ya rasu, gonarmu ta bayan Tsafe ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga, Yaya Bitrus ya ɗauko Inna ya dawo da ita gidansa a Bungudu, Kirsimeti ta daina yi mini daɗi. Shekara uku ke nan.

Mu goma sha tara na tarar a ɗaki uku. Yara na kuka, matan gida na gardama kan murhu, maza kuma na musun a sayar da gona ko a bari. Na wuni kan turmi da wanke-wanke, raina a ɓace. A gidanmu ba a sa hannu a abincin Kirsimeti sai kowa ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah a kansa. Na laluba zuciyata, ban samu ko ɗaya ba.

Ranar Kirsimeti, Bungudu zuwa Tsafe

Mun taso daga sujada ƙarfe goma. Ana shirin zuba abinci Inna ta fito da wata tsohuwar langa mai murfi, gefenta a lotse. Ta Hajiya Balki ce, maƙwabciyarmu a Tsafe. Shekara talatin tana aiko mana naman Sallah a cikinta, Inna ta riƙe ta har Kirsimeti ta mayar da shinkafa da kaza, don kwano ba ya komawa wofi tsakaninsu. Mun tashi ne bayan Babbar Sallah, langar ta biyo mu cikin kaya.

"Ba ni cin komi sai langar ga ta koma gida," in ji Inna.

"Inna, hanyar ga ba ta da kyau," Yaya Bitrus ya ce. "Sabili da kwano guda?"

Ashe tun jiya Inna ta sa malamin unguwa ya yanka kaza ɗaya daban, yadda ta saba yi domin Hajiya. Na ce zan kai. Ba tausayi ne ya sa ni ba, hayaniyar gidan nake gudu.

Sha ɗaya da rabi ina Gusau, sha biyu muka ɗauki hanyar Funtua a ƙaramar mota, langar na kan cinyata ɗaure cikin ɗankwali. A shinge na biyu, kusa da dutsen Kwatarkwashi, jami'i ya leƙo ya tambayi abin da na rungume.

"Abincin Kirsimeti ne, ranka ya daɗe."

"To namu fa?" Ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu. Daga nan kowa idonsa na kan daji. Direba ya ce in ina son dawowa yau, kada in wuce ƙarfe uku.

Tsafe

Ɗaya da kwata na sauka. Na bi ta ƙofar gidanmu, na ga an canza ƙyaure, wankin wasu na shanye a kan bishiyar lemon da Baba ya dasa. Na tsaya kamar baƙuwa, ina kewar Baba.

Hajiya Balki na zaune kan tabarma, idonta ya yi rauni ƙwarai. Na gaishe ta ba ta gane ni ba, sai na ɗora mata langar a hannu. Ta shafa murfin, yatsanta ya faɗa lotsawar.

"Saratu na da rai," ta ce a hankali. Sunan Inna ke nan. "Wace ce cikin ɗiyan?"

"Rifkatu ce, Hajiya."

"Ke ce kinka yar da ita kina ƙarama, ta lotse."

Ta ce kowace Sallah sai ta ware kason Inna, ta rasa ta inda za ta aika. Ta ci loma biyu a gabana, ta sa aka juye sauran, aka wanke langar. Na miƙe zan yi sallama, sai na ga tana cika ta da daddawa da soyayyen nama, ta ɗaure ta miƙo mini.

"Hajiya, ai dawo miki da ita na yi."

"Na sani. Ki ce mata ina jiran abata baɗi. Kada ta kuskura ta mutu da langata hannunta."

Komawa

Uku saura minti goma motarmu ta tashi, shida saura na shiga gida Bungudu. Yara kaɗai aka ba abinci. Manya duk suna zaune a tsakar gida da yunwarsu, an bar musun gona, Yaya Bitrus na bakin ƙofa da waya a hannu.

Na isar da saƙon yadda aka ba ni shi. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta rungume langar, ta ce a zuba mata abinci da yawa.

Aka fara godiya daga babba zuwa ƙarami. Da layi ya zo kaina, na dubi ɗakunan nan uku da mutanen da suka ishe ni tun jiya, suka kuma ƙi cin abinci sai na dawo.

"Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni," na ce. "Na kuma gode masa da langar ba ta zauna a Tsafe ba."

Inna ta ce amin, ta ɗora ta a kan akwatinta, inda za ta riƙa ganinta kullum.