Bakin Gwaggo a Talabijin

Babanmu da ido yake jin magana. Shekarun da ya yi tsaye a kan injin niƙa a kasuwar Agege, yana markaɗa wa matan Yarabawa tattasai da wake, su suka cinye masa kunne. In kana so ya ji ka, sai ka zo gabansa ka zauna inda haske ke dukan fuskarka, ka yi magana a hankali yana kallon bakinka. Ni na fi kowa sanin haka, don tun da aurena ya mutu na dawo gida, ni ke kai masa koko da safe, ni ke zama hira da shi. Sauran 'yan gida ihu suke yi masa daga bakin ƙofa, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce madalla, su tafi suna zaton an yi magana.

Injin nan kuwa da gonar gado aka saye shi. Baba yana saurayi ya sayar da gonar da ubansu ya bar musu can ƙauyenmu a Arewa, har da rabon yayarsa, ya hau jirgin ƙasa ya yo Legas. Yayar tasa, Gwaggo, ta ce ita da shi sai a lahira. Ta kuwa cika alkawari. Mu da aka haifa a nan, muka tashi da Yarabanci a bakinmu, ba mu taɓa jin muryarta ba. Baba ba ya ambaton ta, amma duk wanda ya zo daga gida, sai ya bi da tambaya ta bayan gida har ya gano ko tana lafiya.

Wata shekara gab da damina wani jikan Gwaggo da ke ɗaukar hoton biki ya sauko Legas sayen kaya. Ya zo da ɗan filashi, abin nan da ake adana hoton bidiyo a ciki, a aljihu, ya ce saƙo ne daga tsohuwa zuwa ga ƙaninta, ita da kanta ta sa shi ya kafa mata kyamara a tsakar gida. Bisa al'ada saƙo irin wannan hannun babban ɗa ake danƙa wa, don haka Yayanmu ya karɓa ya jefa a aljihun kaftani. Yaya dillalin shanu ne a mayanka, mutum ne mai kyauta, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma bai taɓa yarda akwai abin da ya shige masa duhu ba.

A falonsa akwai wata tsohuwar kwamfuta da ya haɗa da talabijin, ya cika ta da finafinai da wa'azi da wasannin ƙwallo, yana sarrafa ta daga kan kujera. Ita ce abin alfaharinsa, ko goge mata ƙura ba ya bari a yi. Bayan la'asar aka tara gida, aka kira dattawan layinmu biyu da liman, don saƙon sulhu ba a jin sa a ɓoye. Aka zaunar da Baba a gaba.

Ga Gwaggo nan ta fito, tsohuwa tukuf a kan tabarma, kamar Baba ya yi kaki ya tofar. Ta buɗe baki, sai hoton ya tsaya cik. Muryarta ta ci gaba da tafiya, fuskar tana nan a daskare da baki a buɗe. Can hoton ya zabura ya yi tsalle, ya sake tsayawa, fankar cikin kwamfutar tana ta huci. Mu masu kunne mun ji komai. Ta gaishe shi, ta ce tsufa ya zo, ta ce maganar gona ta wuce, ta yafe masa duniya da lahira. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla, ni kuwa ina kallon idonsa na san ko harafi ɗaya bai samu ba.

Da aka watse na bi shi ɗaki, na durƙusa a gabansa na faɗa masa abin da ta ce.

“Ke kika faɗa,” in ji shi. “'Ya'ya sukan gyara magana don a kwantar wa tsoho da hankali. Na san yayata. In ban gani a bakinta ba, ban ji ba.”

Na rantse masa, ya ce kada in yi rantsuwa, gani ya kori ji. Na ce to a kira ta a waya, ya nuna kunnensa. An gwada kiran da ake ganin juna, amma ƙauyen ba sabis na kirki, ga idon Baba ba ya iya tsinto leɓe a ɗan gilashin waya. Abin da ya rage kawai shi ne hoton nan ya tafi sumul a babbar talabijin, baki da murya su yi tafiya tare.

Ni malamar firamare ce, ban san cikin kwamfuta ba, amma ina da bakin tambaya. Na sami mutumin da ke duba kwamfutocin makarantarmu na kwatanta masa. Ya ce kyamarorin yanzu hoto mai tsananin kyau suke ɗauka, su matse shi da wata sabuwar dabara, to kwance matsin nan aiki ne, kuma ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfuta ita kaɗai ba za ta iya ba. Ya ce ba sai an sayi sabuwa ba, wani ɗan katin hoto ake soka mata wanda ya san irin wannan matsin, shi zai ɗauke mata wahalar. Ba irin manyan nan na masu wasan gem ba, ƙarami, wanda zai shiga akwatin kuma ba ya jan wuta. A ƙara mata ram, wato ma'adanar da take aiki da ita, in da hali, a canja wayar da ke kai hoto talabijin, shi ke nan.

Na kai wa Yaya maganar cikin ladabi, na zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi. Kuskurena ɗaya, abokansa biyu na zaune.

“Yaya, an ce ba daga murya ba ne, kwamfutar ce ba ta iya jan hoton. Wai wani ɗan kati ake sa mata.”

Ya dube ni, ya dubi abokansa, ya yi dariya. “Kun ji injiniya. Mutum ba ya ji, ke kina maganar kati? Wanda ba ya ji ƙara masa sauti ake yi. Je ki, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

Na ce ai Baba baki yake karantawa. Ya ce ya riga ni sanin Baba. Bazawara a gidan ubanta ba ta da ta cewa, wannan na sani, na fita ina cin zuciyata.

Ranar Asabar ya tafi Alaba, kasuwar kayan lantarki, ya dawo da tasi cike da sifiku, biyu daga ciki sun kai ƙuguna tsawo. Ban ga laifin mai shago ba, abin da oga ya tambaya shi aka ba shi. Aka sake zaunar da Baba, aka ƙure sauti har tagogi na rawa, maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya da Yarabanci ko biki ake yi. Muryar Gwaggo ta cika layi, sirrin gidanmu har bakin titi, fuskarta kuwa tana nan tana tsayawa tana zabura. Baba ya ce yana jin abin a ƙirjinsa, kamar injinsa na dā. Yaya ya ɗauka yabo ne.

Da na sake magana, sai ya ce to talabijin ɗin ce ta yi ƙanƙanta. Ya koma ya sayo wata da sai da aka karkata ta kafin ta shiga ƙofa. Aka soka filashin a jikinta kai tsaye, ta ce ba ta san wannan hoton ba. Aka mayar da shi jikin kwamfuta, bakin Gwaggo ya daskare kamar dā, sai dai yanzu ya ninka girma. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Na roƙi a ba ni filashin in nemi inda zai yi, Yaya ya ce saƙon gida ba ya yawo a shagunan mutane. Na ce a bar ni in kai kwamfutar wurin masu gyara a Ikeja, ya ce ba mai buɗe masa kaya a sace masa na ciki. Ya kulle falonsa ya tafi mayanka, ya ce in an sami sarari bayan Sallah zai duba.

Abin da ya fi ƙona min rai, Baba ya daina tambaya. Kunya ta hana shi ya ce wa babban ɗansa duk wannan ɗawainiya an yi ba a yi ba. Sai dai in na kai koko ya ce, “Fuskarta da ta tsaya ɗin nan, kin ga kamar tana cikin fushi ko?” In ce wallahi Baba ba fushi ba ne, inji ne ya maƙale. Ya ce to. Na ce ya shirya mu tafi gida kawai, ya ce ba zai je ya tsaya a ƙofar da ba a kira shi ba.

Ana cikin damina aka bugo waya Gwaggo ta rasu. Ni na faɗa masa, don ni ce mai bakin da yake karantawa. Ya yi salati, ya juya fuskarsa bango. Ta'aziyya ma ya ce ba shi da fuskar zuwa, Yaya ya wakilce shi. Ranar da Yaya ya hau mota, matarsa ta zo ɗakina ta ajiye mukullin falo da filashin a kan gadona, ta fita.

Na naɗe kwamfutar a zane na rungume ta a motar haya ta danfo har Ikeja, ana ruwa, kwandasta na mita wai kayana sun ci wurin mutum. Mai gyara ya kwance ta, ya hure ƙura, ya gwada wani kati bai shiga ba don akwatin siriri ne, ya ɗauko wani ɗan guntu da bai fi tafin hannuna ba, ko fanka ba shi da ita. Ya soka, ya ƙara ram, ya ba ni sabuwar wayar haɗi da talabijin. Kafin azahar an gama. Abin da aka kwashe watanni ana ja ke nan, ko kuɗin sifika ɗaya bai kai ba, na tsaya a shagon mutane ina hawaye don takaici.

Da la'asar na zaunar da Baba, daga ni sai shi, na zare wayoyin sifikun gaba ɗaya. Gwaggo ta fito, har zanen tsufan gefen bakinta ana gani, leɓenta na motsi sumul ba tsayawa. Baba ya matso da kujera. Na ga bakinsa yana bin nata. Da ta zo wurin yafiya ya ɗaga hannu, na mayar baya, ya sake kallo, ya sake ɗaga hannu.

“Ashe gaskiya kika faɗa,” ya ce.

A ƙarshen hoton akwai wurin da ta gama magana, jikan nata bai kashe kyamara ba tukuna. Mu duk mun sha jin wurin, ba komai sai kukan awaki da iska. Na kai hannu zan kashe, Baba ya riƙe ni. Tsohuwar ta kau da kai kaɗan, leɓenta ya motsa, magana ce da ba ta fito da sauti ba. Ya sa na mayar sau da yawa.

“Me ta ce, Baba?”

“Cewa ta yi in zo ta gan ni.”

Ya ƙura wa yayarsa ido a kan tabarma. Sannan ya juyo gare ni, ya ce, “To yanzu wa zan ba amsa?”

Yaya ya dawo bayan sadakar bakwai, ya kunna kayansa ya ga hoto na tafiya lafiya. Har yau yana gaya wa baƙi cewa talabijin ɗin ce sai da ta saba da gidan. Ban taɓa gyara masa ba, gaisuwa ce dai kawai ta rage tsakaninmu. Baba kuwa bai sake shiga falon ba har ya bar duniya.