Zangarniya Uku a Kallabin Inna

Bana shekara sittin da bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Rakiya. Ta rasu a farkon damina, a ƙauyenmu da ke gabas da Bande, tun Faransawa na mulkin ƙasar nan. Na ninka shekarunta na duniya har da ɗori, amma har yau in na tuna ta sai in ji ni kamar yarinyar da aka aika ta tsaya wasa a hanya. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana ba mai daɗi ba ne, kuma gara in faɗe shi da bakina tun ina da sauran numfashi.

Inna ba ta taɓa taka ƙofar lekol ba, wato makarantar boko. Abin da ta sani gero ne. Babanmu ya rasu ina ƙarama, danginsa suka bar mata gamana, wato 'yar gonar da ake yanka wa mace ta noma don kanta. Jigawa ce da ta gaji, ga ƙuduji ya yi mata katutu. Wanda bai san noma ba in ya ga ƙuduji cewa zai yi fure ne mai kyau, alhali ciyawa ce da ke kama saiwar gero ta ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa, kafin ta fito da jan furenta ta riga ta gama da shi. A wannan matacciyar gona Inna ke fitar da abin da maza masu gandu ke kasa fitarwa.

Asirin yana ga irin da ta gada wajen kakarta. Gajeren gero ne mai gargasa, tsuntsu ba ya son sauka a kansa, yana nuna da wuri, ƙuduji kuma yakan taɓa shi amma ba ya kayar da shi. Mutanen garinmu ɗan Rakiya suke ce masa. Kowace kaka, kafin a sa wuƙa a gona, sai ta tasa ni gaba da sassafe mu bi kunya ɗaya bayan ɗaya. Ba girman zangarniya take dubawa ba. Durƙusawa take ta dubi gindi, ta tona, ta shinshina ƙasar. Karan da ƙuduji ya kewaye amma ya tsaya da ƙarfinsa, shi take yankewa, ta ɗibi ɗan ƙasar gindinsa ta ƙulle a tsumma, don da ita take cuɗa irin ranar shuka. Zangarniyoyin ta ɗaure su ƙaramin dami ta rataye a rufin ɗaki inda hayaƙi ke bugu. Ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa wannan dami. Sau ɗaya na ɓanɓari 'yan ƙwayoyi na tauna, na sha dukan da har gobe in na ga muciya sai na gyara zama.

A zamanin akwai doka daga barikin Magarya cewa kowane gida ya kai dami rumbun ajiya, wanda muke kira rumbun Nasara. A faɗarsu maganin yunwa ne, kuma ba zan ce ƙarya zalla suka yi ba. Amma wanda ya kafa dokar a kan tebur ya kafa ta, bai san cewa gero suna ne da ya tara 'ya'ya daban-daban ba. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri. Maƙwabtan da Inna ta taɓa ba wa irinta, wasu sun cinye, wasu sun kai rumbu don su cika adadinsu. Namu adadin bai cika ba, sai ga gardi, wato dogarin Nasara, ya zo da maigari. Gardin ya leƙa ɗaki, ya ɗaga kai.

"Wancan fa?" in ji shi.

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba na ci ba ne, iri ne."

"Iri ba gero ba ne? Sauko da shi."

"Ka ɗauki akuyata. Don Allah ka ɗauki akuyar ka bar mini shi."

"Gero aka ce mini, ba a ce akuya ba. In ruwa ya sauka a auna miki iri, har wanda ya fi naki."

Maigari ƙasa yake kallo. Abin da ya fi ci mini rai, gardin ba baƙo ba ne, Bahaushe ne ɗan manoma daga wajen Waca, ya san abin da yake ɗauka sarai. Da damina ta kama aka buɗe rumbun, aka sussuke na kowa wuri guda, aka auna mata a ƙwarya. Ba ta yi kuka ba. Ta juye shi a faifai ta daɗe tana yamutsawa da yatsa, sannan ta tashi ta ɗauki sungumi.

Shekara huɗu ta yi tana neman abinta. Gero ba ya zama shi kaɗai, iska na haɗa shi da na kusa da shi, don haka abin da ya fito gauraye ne, ba nata ba, ba na kowa ba. Sai ta riƙa tsinto masu ɗan alamar gargasa, ta kai su can kusurwar gona nesa da saura ta sake shukawa, wata shekarar ta sake tacewa. Mata suna mata dariya, wai Rakiya na neman ɗanta a kasuwa. Ni ban ga rabin wannan wahala ba, domin a shekarar da aka ɗauke damin ne aka rubuta sunana cikin yaran da za a kai lekol a Magarya, daga can kuma aka wuce da ni Damagaram. Da yake ni ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Daga lokacin sai na koma 'yar lekol a bakinta, rabi tsiya, rabi alfahari.

A kaka ta huɗu ta samu zangarniya uku cif, ɗan Rakiya sak. Da na zo hutu farkon damina na tarar da ita kwance, tari ya cinye ta, ba ta ko iya ɗaga tulu. Ta nuna mini rufin ɗaki da haɓa.

"Ke 'yar lekol, sauko mini da abin can." Na sauko da su, ta naɗe a kallabinta ta ɗora mini a cinya. "In na ba Baffanki zubawa zai yi cikin nasa, shi ma duk gero gero ne a wajensa. Ke kin san shi. Ki shuka shi bayan ɗaki bana, kada ki bari ya shekara."

Na ce, "To, Inna."

Kwana tara bayan nan ta cika. Kafin a share zaman makoki lokacin shuka ya wuce, Baffa kuma ya riga ya zuba gyaɗa a gamanar, don ita Nasara ke so a lokacin. Na ce ba komai, baɗi. Da baɗi ta zo jarrabawa ce a gabana. Daga nan na zama malama, na auri ma'aikaci, yau a tura mu nan gobe can, ba mu da ko taki ɗaya na gona. Waɗannan su ne dalilan da nake ba mutane, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai wanda ban taɓa faɗa ba. Kowane gidan da muka zauna yana da bayan ɗaki. Tsoro nake in shuka fari ya zo, ko akuyar wani ta shigo, in wayi gari ba ni da komai na Inna. Sai na sa kallabin a ƙasan akwati, shekara-shekara in fito da shi in shinshina in mayar, ina ganin ni ce mai riƙon amana.

Watannin baya jikata Balkisa, wadda ke karatun noma a jami'a, ta zo mini hutu nan Magarya. Yarinya ce mai surutu, ba ta ajiye salula ko wajen cin tuwo. Ita ta zauna tana ba ni labarin inda bincike ya kai. Ta ce akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna zaune a saiwar shuka da ƙasar gindinta, wasu har a cikin ƙwayar irin, kuma masana na ganin suna da hannu wajen yadda shuka ke jure wa ƙuduji. Sai na tuna tsumman ƙasar nan da nake ɗauka camfi ne na tsofaffi, har na taɓa yi wa Inna dariya a kai da Faransancina na 'yar aji uku. Balkisa ta nuna mini a salularta wani inji mai tafiya da kansa a cikin gona, yana duba kara ɗaya bayan ɗaya yana ware nagari. Na tambayi kaina me Inna za ta ce. Na san ba za ta raina shi ba. Binsa za ta yi a baya har ƙarshen kunya ta ga wane kara ya zaɓa, in ya zaɓi dogo mai ƙyalli ta yi tsaki ta koma gida.

Balkisa ta kuma nuna mini zanen shanu a jikin duwatsu can arewa, inda yau babu komai sai rairayi, ta ce ana ta ƙoƙarin gano shekarunsu. Na daɗe ina kallo. Shanun sun ƙare, ciyawar ta ƙare, masu zanen ba a san sunansu ba, amma aƙalla mutum ya ga ƙahon ya san irin saniyar da aka yi. Ɗan Rakiya ba wanda ya taɓa zana shi. Sai Balkisa ta ce abin da malamansu suka fi nema yanzu shi ne tsofaffin irin gero na ƙauye, amma kusan duk sun ɓace. Na tashi na jawo akwati.

Da ta ga gargasar sai da ta yi ihu. Ta ce, "Kaka, kina da wannan kika yi shiru?" Ta jiƙa auduga a faranti, ta jera ƙwayoyi, ta rufe da ƙyalle. Geron kirki kwana biyu uku ya tsaga. Kullum ina idar da sallar asuba nakan je in ɗaga ƙyallen kafin ta tashi, in mayar kamar ban taɓa ba. Ran kwana na goma abin da ya fito fumfuna ce. Ta lallashe ni, ta ce a labo, ɗakin bincike na jami'arsu, suna da dabarun da suka fi faranti, ta sussuke sauran ta tafi da su. Bayan wata guda ta kira ni.

"Kaka, babu rai a ciki. Malaminmu ya ce a zafin ƙasar nan da wuya iri ya wuce 'yan shekaru a akwati."

Na ce, "Wato tun yaushe ya mutu?"

Ta ce, "Tun kafin a haifi Baba."

Fiye da shekara saba'in ina tsine wa gardin nan. Na ba 'yan ajina labarinsa, na ba 'ya'yana. Shi da ƙarfi ya ƙwace, Inna kuma ta ƙwato abinta a shekara huɗu, a kan gwiwoyinta, da tari a ƙirji. Ni ba wanda ya tsaya mini da bulala. So ne ya sa na ɓoye, kuma ban ga abin da son nan ya amfana wa kowa ba. In aka tambaye ni me ya saura na Inna, akwai kallabi, akwai sandunan zangarniya uku ba ƙwaya, akwai ni da ke iya kwatanta tsawon geron da hannu. In na bi ta, kwatancen ma ya tafi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ni dai ban san amsar da zan ba ta ba.

Da damina ta yi nisa na sa Balkisa ta kai ni ƙauye in ga gamanar. Jikan Baffa ke nomanta yanzu, magidanci mai 'ya'ya shida. Tun daga bakin hanya na hango ta ja wur da furen ƙuduji, geron ko gwiwa bai kai ba. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, muka yi jaje, sannan ya ce, "Hajiya, tsofaffi na cewa da can akwai wani gero a garin nan da ƙuduji ba ya kayarwa. Da gaske ne?"

Na ce da gaske ne.

"To don Allah ina ake samunsa? Ko tafin hannu ne."

Kallabin yana cikin jakata. Na ce masa, "Ba a samunsa, ɗana. A hannuna ya mutu."