Sabo da Fuskokin Kaka

A shekarun farin nan da dawa ke bushewa a tsaye a ƙauyenmu na gefen Shanono, tuwon dare ba ya ƙosar da kowa. Sai Kaka ta tara mu a bakin murhu ta cike gurbin da tatsuniya.

Ƙanena Sabo da raunin ƙwaƙwalwa aka haife shi, ba ya bambance fuskar mai baƙin ciki da ta mai wasa. Ranar da bijimin Kawu Ilu ya mutu, Kawu ya zauna yana hawaye, Sabo ya tsaya gabansa yana ƙyalƙyala dariya. Ran Kawu ya ɓaci, ya ce a riƙa kulle yaron a ɗaki.

Kaka ta ce, "Ilu, ba mai kulle min jika ina raye. Ba mugunta ba ce, fuska ce bai iya karantawa ba. Ni zan koya masa."

Daga ranar tatsuniyarta ta zama guda ɗaya, ta wani ɗan kurege. Ya ga tunkiya tana kukan ɗanta, ya ɗauka waƙa ce, ya hau rawa. Ya ga kura ta yashe haƙora, ya ɗauka murmushi ne, da ƙyar ya sha. Uwarsa ta ce, "Ka dubi ido, ka saurari murya. In ka kasa ganewa, ka tambaya. Amma ban da kura!"

A kowace gaɓa Kaka kan juyo da fuskarta wajen hasken wuta, ta ɓata rai. "Sabo, wannan fa?"

"Dariya!"

"A'a, ɗan albarka. Sake dubawa."

Muka ƙosa, muka yi ƙorafi, bai sa ta fasa ba, har ma ta sa mu yin fuskokin. Haka aka yi ta yi har rani ya zagayo.

Wata yamma, bayan Baba ya tafi cirani an daɗe ba labari, Inna na bakin murhu idonta jawur. Duk mun gani muka kau da kai. Sabo ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Inna, kuka kike ko hayaƙi ne?"

"Kuka ne, Sabo."

Sai ya zauna ya jingina da ita.

Har ya girma Sabo bai ƙware a karatun fuska ba. Amma da na manyanta na lura, mu masu ganewa da kallo ɗaya mun fi kowa iya wucewa. Shi da ba ya ganewa, shi ne ke tsayawa.