Shekarar da Baffa Ya Tuna da Kakanninsa

Ni dai karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba. Ina cikin koyon lissafin rabawa mahaifina ya ce akwai abin da ya fi rabawa amfani a gona. Duk da haka, a ƙauyenmu na ƙasar Tajaye ana lissafa ni cikin masana, tunda ina iya gaida jandarma, ɗan sandan gwamnati, da Faransanci. Wannan matsayi ne ya jefa ni cikin rikicin gonar taubashiyata, 'yan shekaru bayan an samu mulkin kai.

Taubashiyar nan ɗiyar gwaggona ce. Uwarta ta daɗe da rasuwa, mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, sai kuma mahaifinta ya bi su ana tsakiyar rani. Ita kaɗai ya haifa. Abin da ya bari gona ce babba, kuma da ita za a ci da marayun nan ko su rasa. Mamacin yana da ƙane, wanda duk muke kira Baffa, mutumin sahun gaba a masallaci, mai tasbihi mai manyan ƙwayoyi da ake jin ƙararsu daga bayan darni.

Bayan sadakar arba'in liman ya zauna ya raba gado yadda littafi ya ce: rabi na ɗiya, rabi na ƙane. Baffa ya shafa fatiha tare da kowa. Amma na lura ya shafa ta da sauri, kuma bai tsaya cin goro ba. Mutumin da bai taɓa barin goron sadaka ya wuce shi ba. Tun daga nan na sa masa ido.

Ran kasuwar Illela aka gan shi yana cinikin jan zakara. Sayen zakara ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne yadda ya riƙo shi a hannu tun daga kasuwa har gida, yana tsayawa gaisawa da duk wanda ya gamu da shi, har da waɗanda ba ya shiri da su. Washegari da hantsi, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya, ya yanka shi a gindin gawon da ke tsakiyar gonar, ya ɗaura jan ƙyalle a reshe. Na san masu irin wannan yanka a garinmu, tsofaffi ne da suka gada, kuma ba su taɓa neman 'yan kallo ba.

Na je na sami taubashiyata tana sussuka.

«Ke baiwata, Baffanki ya canza addini.»

«Bawa dai kai ne,» ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. «Addini ya canza ko gona yaka so?»

«To mi ya haɗa zakara da gona?»

«Kai ne ɗan lakwal. Tahi ka tambayo.»

Amsar ta zo da kanta. Baffa ya kai ƙara gidan shari'a na Konni. Wani ya raɗa masa cewa a wurin gwamnati rabon liman sulhu ne kawai, wanda bai yarda ba yana iya wucewa gaba, kuma a can al'adar mamaci ake bi. Al'adar kakanninmu kuwa ba ta ba mace gona. Wa ya raɗa masa? Wasu suka ce wani tsohon soja ne, wasu suka ce direban motar kasuwa. Wasu kuma suka riƙa kallona ta gefen ido, wai irin wannan wayo sai wanda ya shiga lakwal. Na ji haushi, ko da yake ban ƙi a ɗauka na san doka haka ba.

Liman ya fusata. Ya ja ni zuwa wurin jandarma don in fassara masa cewa a kama mutumin da ya yi yanka a gindin itace. Jandarman, Bahaushe ne ma, ya bar ni na gama wahala da Faransancina tukuna, sannan ya amsa da Hausa.

«Malam, zakaran nasa ne ko na sata?»

«Nasa ne.»

«To ba ruwanmu. Kai ka yi wa'azinka, shi ya yi yankansa. Amma kar in ji an taɓa shi ko an hana shi shiga masallaci da sanda.»

Ina jin har liman ya rasu yana zargin ni na ɓata fassarar.

Ranar shari'a muka shiga mota ɗaya, mai ƙara da wadda ake ƙara, liman a tsakiya. Alƙalin gwamnati yaro ne matashi, da dattawa biyu masu rawani zaune a gefensa, waɗanda aikinsu su gaya masa abin da al'ada ta ce. Na ƙare musu kallo. Ɗayan ya gaisa da Baffa da fara'ar da ban so ba, ɗayan kuma yana gyangyaɗi, ko yana nuna kamar yana gyangyaɗi.

Alƙali ya yi bayani, tafinta ya juya. Ya ce gwamnati ba ta da addini, kowa ya bauta wa abin da ya ga dama. Shari'ar Musulunci ba dokar ƙasa ba ce, amma in ita mamacin yake bi a rayuwarsa, to ta zama al'adarsa, kuma da ita za a raba. Liman ya gyara zama. Na fahimci abin da ya cije shi: littafin da ya yi shekaru yana karantawa a Sakkwato an ajiye shi a layi ɗaya da jan zakara, ana jiran a ga wanne ya fi shaidu.

Aka tambayi Baffa. Ya miƙe da natsuwa.

«Ranka shi daɗe, a masallaci mu Musulmi ne. Amma gona ta riga masallaci zuwa garinmu. Yayana a gona hanyar kakanni yaka bi.»

Aka tambayi taubashiyata. Ta ja mayafi ta ce: «Baffa, tun ina goye nike zuwa gonar nan. Ban taɓa ganin jini a gindin gawo ba sai bana.»

«Ɗiyata, mata ba a nuna musu waɗannan abubuwa.»

«Amma bana ka nuna ma duk matan rijiya.»

Tafinta ya yi tari kafin ya juya wannan. Maganar ta tsaya nan: shi ya ce, ita ta ce, mamaci kuma ba ya magana. Alƙali ya waiwayi dattawan. Mai gyangyaɗin nan ya buɗe ido ɗaya ya ce tunda mai ƙara ya ce shi Musulmi ne a masallaci, sai a kawo Alƙur'ani ya dafa, ya rantse cewa yayansa ba da shari'a yake so a raba gonarsa ba.

Wanda bai zauna a ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mutum yana iya yi wa alƙali ƙarya, ya yi wa sarki, ya yi wa matarsa. Dafa Alƙur'ani kuwa, kowa yana da labarin wani da ya yi, damina ba ta zagayo ta same shi ba.

Aka ba Baffa buta ya fita alwala. Ina leƙensa ta taga. Ban taɓa ganin alwala mai kyau irin wannan ba. Ya wanke kowace yatsa kamar zai sayar da ita. Ya ƙarar da ruwan, ya nemi ƙari. Da ya dawo ya tsaya gaban littafin, hannunsa a bayansa, ya ce ya yi tunani, zumunci ya fi gona, a bi rabon malam.

Aka tabbatar da rabi da rabi. Sai dai gonar ba ɗaya take ba: gabas jigawa ce, yamma kuma kwari ne mai riƙe ruwa. Baffa ya ce tunda shi ne ya haƙura don Allah, kuma shi ne babba, ai shi zai fara zaɓa. Liman ya gaji da zuwa Konni, ya bar shi ya ɗauki kwarin. Na ce wa taubashiyata mu koma mu kai ƙara, wannan karon zan yi magana da alƙali da kaina.

«Da wane Faransancin?» ta ce. «Bar shi. Jigawa tana yin gero, kuma tawa ce. In kana son taimako, ruwa na sauka ka zo da sungumi.»

Na zo. Ta sa ni na yi ta sara tun hantsi har azahar, ita da yaran suna bina suna zuba iri.