Ƙaramin Injin da Ya Zaunar da Malam a Gida

Tun kafin mu yaye babbar ƴarmu, maigidana Malam yake zuwa cin rani Abuja. Da an gama girbin gero an cire gyaɗa, sai ya ɗaure jakarsa ya bar Matameye, ba za mu sake ganinsa ba sai hadari ya fara haɗuwa. Aikinsa a wurin gini shi ne ya tsaya ƙasa yana ba direban injin ɗaga kaya hannu, dogon injin nan mai ƙugiya da suke kira kiren a can. In ya ɗaga yatsa kaya su tashi, in ya dunƙule hannu su tsaya. Abin ya bi jikinsa har gida. Ko tuwo zan ajiye masa sai ya riƙa yi min hannu, in matsa dama, in sauke a hankali. Na sha gaya masa wata rana a ka zan sauke masa.

A wata shekara tun rani bai yi nisa ba aka dawo min da shi kwance a bayan mota. Ya zame daga kan tarin ƙarafa, gwiwarsa ta kumbura kamar ƙwarya. Lokotoro ya duba, ya faɗa a gabana ba tare da kwana-kwana ba: in ya koma tsayuwar yini da tsallake ƙarafa kafin ƙafar ta warke, to ya yi sallama da ita, ko gona ba zai ƙara takawa ba. Ni na ji da kunnena. Shi kuwa hankalinsa na kan wani abu da ya rungume a ƙirji tun daga Abuja.

Ƙaramin kiren ne na ƙarfe, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, rawaya, da tayoyinsa da ɗakin direba da ƴar ƙugiya kamar ta kamun kifi. Wani injiniya na wurin, mai tara irinsu a ofishinsa, shi ya ba shi don jaje. Ya ma ja masa kunne cewa masu tara su ba sa fitar da su daga kwali, ba sa taɓa fentinsu. Malam ya yi godiya, ya yage kwalin tun ba su kai Kaduna ba. Kafin su iso Kano ya murɗa abin har zaren ƙugiyar ya tsinke.

Da ya fara dogara sanda yana fita ƙofar gida, sai ya sanar da ni shirinsa yana shan kunu, kamar mai zancen farashin albasa.

"Ranar da ƙugiyar nan ta ɗaga kaya, washegari zan hau mota. Direban can ba ya iya komai in ba ni."

Ban yi gardama ba. Na san mutumina: ba ya barin aiki rabi, kuma ba ya janye maganar da ya furta. Sai na gane cewa ƙafar mijina duk ta rataya ne a kan zare, kuma aikina shi ne kada zaren nan ya samu da wuri.

Da farko Allah ya taimake ni, ban sa hannu ba. Zaren tela ya tsinke tun bai ɗaga ƙwayar gyaɗa ba. Zaren buhu ya warware ya cushe cikin ƴan ƙananan kura-kuran da zare ke bi ta kansu a bakin injin, Malam ya yini yana tsince shi da allura yana ja wa masu saƙa buhu Allah ya isa. Ya roƙi zaren kitsona, na ba shi da fara'a don na san halinsa: yana miƙewa. Ya rataya masa sukari guda, ya murɗa, ya murɗa, sukarin na zaune a ƙasa abinsa, zaren na ta tsawo. Daga nan ya ce ai kura-kuran ne suka bushe, ya ɗiga musu man gyaɗa kamar yadda muke yi wa keken ɗinki in mai ya yanke. Da gari ya waye kiyashin unguwarmu kaf sun kama aiki a wurin, wasu na hawa wasu na sauka, har cikin ɗakin direba. Na ce masa ga ma'aikata sun samu, saura ya ba su hannu. Ya yini bai kula ni ba.

Amma wata ranar kasuwa ya aika garin Dungu aka sayo masa zaren dukawa, mai kakin nan da ake ɗinkin takalmi da shi, na ga alamar zai yi. Sai na yafa gyale na tafi gidan yayansa.

Yayan nan tsohon direban kamiyo ne, babbar motar kaya, Alhaji muke ce masa, mutumin da Malam bai taɓa ɗaga ido ya kalla yana magana ba. Na kwashe komai na gaya masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce in koma gida in dafa shayi. Da la'asar ya zo, ya zauna, ya juya injin gaba da baya, ya taɓe baki. Ya ce shi duk shekarun da ya yi a hanya bai taɓa ganin motar mutumin kirki ta hau titi tsirara haka ba, ba fenti, ba fure, ba rubutu a baya. Ko a gidansu ba a koya wa Malam kunya ba ne? Malam ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, Yaya.

Haka aka ajiye zancen zare aka koma fenti. An kira mai zanen motoci daga tasha, ya zo da buroshinsa da ya fi injin kansa faɗi, ya duba, ya ce shi ba ya aikin aljanu, ya tafi. Dole Malam ya zauna da kansa. Ya gwada tsinken tsintsiya, ya gwada auduga, a ƙarshe ya tsaya kan gashin zabuwa, har zabina suka daina zuwa inda yake. Jikin injin ya koma kore, tayoyi ja da fari, ƙofa shuɗiya. Alhaji ya ce sai an zana zaki a gefe. Malam ya zana, kowa ya zo ya yaba kyan akuyar, aka goge aka sake. Mutanen fadarsu, inda suke shan shayi da yamma, suka dawo ƙofar gidanmu gaba ɗaya, aka rabu biyu a kan lambar da za a sa masa, ta Nijar ko ta Najeriya. An yi makonni ana wannan, har wasu suka daina gaisawa. Ni dai ina ciki ina ƙara musu ruwan zafi.

Da fenti ya bushe sai na jawo babban makamina, wato mahaifiyata. A wurinmu suruki ba ya zama inda surukarsa take, balle ya musa mata. In ta shigo ta ƙofa shi ya bi ta bayan rumbu, da sandarsa da komai. Don haka ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai dai ta tsaya tsakar gida ta yi wa bango magana da ƙarfi. Ta tambayi bango ko direban wannan mota kafiri ne, tunda ba ta ga buta ba, ba ta ga tabarma ba. Malam na bayan rumbu yana jin komai. Washegari ya tafi wurin maƙeri da gwangwanin tumatir, suka ɓata kwanaki kafin su fitar da butar da ba ta fi ƙwayar wake ba, kuma shi ya nace sai ta zama mai zuba ruwa da gaske. Tabarmar da kaba ya saƙa ta, ido na hawaye. Bayan nan bango ya ji cewa mota ba laya ganganci ne, ya ji zancen madubi, ya ji zancen tuntaye masu lilo a gaban gilashi, ya ji cewa direba mutum ne, yana buƙatar tukunyar shayi da buhun gawayi.

Na yi dariya a ranin nan fiye da duk wanda na taɓa yi. Kuma gaskiya ita ce na ji daɗin ganinsa a gida. Ban taɓa sanin yadda mijina yake a watannin zafi ba, ban san yana son rake haka ba, ban san yana waƙa ƙasa-ƙasa in aiki ya ɗauke masa hankali ba.

Sai dai komai yana da ƙarshe, har dabarar tsohuwata. Wata safiya ya zare zaren dukawa ta kura-kuran, ya ɗaure ƙugiya. Kayan ado sun yi wa injin nauyi a gaba har yana neman kifewa, sai ya ɗaura masa tsohon batirin tocila a baya. Da yamma fada ta cika. Aka rataya goro guda, Malam ya sa Alhaji murɗawa, shi kuma ya miƙe tsaye ya koma gefe yana ba da hannu, fuska a murtuke kamar ana ɗaga bene. Goron ya tashi, ya yi lilo, ya sauka a tafin hannun limaminmu. Aka yi ta tafi da kabbara. Ni ina leƙe ta zana, ban taya su murna ba, don da sauran rani, kuma gwiwar har lokacin ba ta lanƙwasa sosai. Ya shigo yana ɗingishi ya ce in wanke masa kayan tafiya.

Ina cikin shanya su sai ga wani abokin cin raninsa, mutumin Tsauni, ya yi sallama da jakarsa a kafaɗa. Ba lokacin dawowa ba ne. Suka zauna a zaure, na kai musu ruwa, na tsaya bayan ƙofa. Baƙon ya ce ginin ya ƙare, an sallami kowa, an kwashe injin an kai wani gari. Malam ya tambaya wa ya riƙa ba direba hannu bayan tafiyarsa. Baƙon ya ce ai tun makon da Malam ya faɗi aka kawo ƴar rediyo, direba na sa ta a kunne, wani na yi masa magana daga inuwa.

"To direban, ya tambaye ni?"

Baƙon ya kurɓi ruwa, ya gyara hula, ya ce kowa da kowa na gaishe shi.

Na samu abin da nake nema, amma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Da baƙon ya tafi Malam ya daɗe zaune a zaure, injin na gabansa da tuntayensa da butarsa. Can ya kira ni ya ce in miƙo masa almakashi. Ya kama zaren da ya ci masa rani guda, ya datse shi daidai wuyan ƙugiya, bai ko kalle ni ba.

"Ya yi kauri," ya ce. "In an gama girbi sai mu nemo wani."

Na ce to, Malam. Na kwashe kayansa daga igiya da sauran danshinsu, na shiga ɗaki, na daɗe ban fito ba.