Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Kira Ba

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Bafulatana ce, daga ruga aka auro ta zuwa gidan manoma a Kekun Waje. In za ta aike ni, sai ta dubi bango ta ce, "Wata ta ɗebo ruwa." Dangin Baba ma sun san kunyar ɗan fari, amma tasu ta 'yan shekaru ce, ta Inna kuwa har kabari. Da aka kai ni karatu wurin gwaggona a Tudun Wada, cikin Gusau, sai na tarar da maƙwabciyarmu Bayarabiya tana ƙwala wa 'yarta kira tun daga bakin famfo, ta rungume ta a gaban kowa. Na yi hassada, kuma na daɗe ina jin haushin Inna.

Wannan zaman gida-gida ya fi kwaleji koya mini aikin malanta. A wani gida sunkuyar da kai ladabi ne, a wani kuma alamar rashin gaskiya. Shi ya sa da na fara koyarwa a wata firamare a gefen Tsafe ba na saurin ɗaga bulala, duk da ina da zuciya. In yaro ya ɓata mini rai, sai na fara tambayar kaina ko me ake kiran abin da ya yi a gidansu.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika mana aji, Bafulatana ɗaya ce tak a cikinsu. Sauran 'ya'yan manoma ne da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, wasu har sun rasa iyaye. Ba mai yarda ya zauna kusa da ita. Da ƙyar na lallashi uwarta, wata mai tallar nono, ta bar ta ta zo. Ba ni da wani buri sai yarinyar nan ta kai ƙarshen shekara a ajina.

Wata rana da hantsi aka ce hanyar rugarsu ba lafiya, uwar ta zo ɗaukarta. Maigadi ya tare ta a ƙofa. Hayaniyar ce ta fito da ni, yara na biye da ni.

"Wa kika taho nema?" in ji maigadin.

"Wata yarinya," ta ce, idonta a ƙasa.

"Mi as sunanta?"

Ta yi shiru. Nan take na gane, domin shirun da na girma a cikinsa ne. Amma mutane sun riga sun taru. Wani ya ce ai leƙen asiri 'yan bindiga suka turo ta. Wata mata da aka kashe wa miji ta ɗaga murya ta ce, "Wace uwa ta ba ta san sunan ɗiyarta ba?"

"'Yar farinta ce!" na ce, ina kutsawa. "Ku ji tsoron Allah, ba ku san kunya ba?"

Sun sani sarai. Kakanninsu ma haka suka yi, tsoro ne ya mantar da su. Ba wanda ya saurare ni, har wani saurayi ya hau babur zai kira 'yan sa-kai. Matar ta ga haka, ta ɗago kai, ta faɗi sunan 'yarta da ƙarfi, har sau biyu.

Yarinyar na gefena. Ta fashe da kuka kamar an mare ta. Uwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama hannunta, taron ya buɗa musu hanya. Suna tafiya ba mai duban wani.

Ba ta sake zuwa ba. Na je kasuwa, masu nono suka ce sun tashi, ba su san inda suka nufa ba. Har yau ina koyarwa yadda na saba, sai dai yanzu na san haƙurina a bakin aji yake tsayawa, ba ya kaiwa ƙofar makaranta, kuma wannan yana cin raina.

Tun ina yarinya nake marmarin in ji uwa irin tawa ta kira sunan 'yar farinta. Ranar na ji. Da na koma gida na zauna a bakin gado, na roƙa wa Inna gafara, na gode wa Allah da ba a taɓa tilasta mata kiran nawa ba.